Shawarwari kan girgizar ƙasa da zaftarewarta

A zaman da muka yi da maƙwabta a Kaduna, an tuna cewa ƙasa ta girgiza a Kwoi, ƙaramar hukumar Jaba, a Satumban 2016, har bangon wasu gidaje ya tsage. Shawarar da ta fi ƙarfi ita ce, idan ƙasa ta motsa, mutum ya durƙusa ƙarƙashin tebur mai ƙwari, ya kare kansa da wuyansa, kada ya ruga waje sai girgizar ta lafa. Ni dai masu haƙar ƙasar gini a gindin tudu da damina ne suka fi tayar mini da hankali, domin ƙasar da ta sha ruwa kan rufta babu sallama. An kuma ce kowa ya haddace lambar gaggawa, 112.