Neman shawara: zannuwan Mama tara, launinsu ya ƙi haɗuwa

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle. Mahaifiyarmu ta rasu bara da azumi, Allah Ya jiƙan naku da namu. Da aka zo rabon kayanta, kowa ya ɗauki rabonsa na sababbin turame da leshi, ni kuma na roƙi tsofaffin zannuwanta guda 9, 'yan uwa suka ce sun bar mini. Wasu tun zamanin da Baba yake aiki a masaƙa a Kakuri ne, idan an yi albashi sai ya shigo mata da turmi a hammata. Akwai wata koriya mai zanen ganye, da ita ta goyi autarmu, gefenta ɗaya har ya koɗe saboda ɗauri. Har yau in na buɗe akwatin ƙamshin turaren wutarta ne ke fara tarbata. To autar ce za a aurar bayan Babbar Sallah, na yi niyyar in yanka zannuwan ƙyalle-ƙyalle in haɗa mata bargo, ta shiga ɗakinta da wani abu na Mama. Ina da keke, ina ɗan ɗinkin yara. Amma jiya da na shimfiɗa su a tsakar gida, wallahi ido ya kasa tsayawa a kansu, kowace atamfa tana neman danne 'yar uwarta. Na yi kukana na mayar akwati. Ta ina zan fara?

Ummu Hanif: Allah Ya jiƙan Mama. Amma ba ki faɗi launukan ba, ba ki faɗi girman gadon ba.

Maman Ilham: Amin. Katifa 6 da 6 ce. Kore biyu, ja biyu, ruwan goro, ruwan ɗorawa, shuɗi biyu, sai wata ruwan ƙasa.

Anti Balki Tela: 'Yata, saurara. Shekara 22 ina ɗinkin zanen gado a Kasuwar Barci. Tara ta yi yawa. Atamfa ɗaya ma launi uku ko huɗu take ɗauke da shi, kin tara tara, ai kin tara kasuwa. Ki ware uku: koriyar goyon nan ta zama uwa, ruwan ƙasa ta bi ta, ruwan ɗorawa ki sa kaɗan-kaɗan kamar gishiri a miya. Sannan ki shiga Babbar Kasuwa ki yanko yadin auduga marar zane, ruwan madara, ki raba tsakaninsu da shi don ido ya samu wurin hutawa. Lissafi kuma: katifarki inci 72 ce kowane gefe. In ƙyalle zai fito inci 6, guda 12 ne a jere, jere 12, ya zama 144. Ki yanka inci 6 da rabi, don ɗinki zai cinye kwata a kowane gefe. Wannan saman katifa kaɗai ya rufe, abin da zai sauko gefe sai ki yi masa baki da yadin. Rabi atamfa, rabi yadi, kin gama.

Maman Ilham: Na gode Anti, Allah Ya saka. Sai dai ba zan iya barin shida a akwati ba. Jar ce ta ɗaura ranar sunan Ilham. Kowace da labarinta.

Anti Balki Tela: Labari a zuciya yake, mai shiga ɗakin amarya da ido zai shiga.

Zee Malali: Ni ban yarda dole sai uku ba. Yaya, ki jera su a inuwa da safe, ki ɗauki hoto da waya, ki mayar da shi baƙi da fari. Nan za ki ga wace ce mai duhu, wace ce mai haske. Sau da yawa ba launi ne ke faɗa ba, duk nauyinsu ne ya zo ɗaya. Ja da kore a hoton nan za ki ga sun kusa zama toka iri guda, shi ya sa in sun haɗa kafaɗa ido ke wahala. Ki riƙa sa mai duhu kusa da mai haske. Kuma maimakon ruwan madara ki sa shuɗi mai duhu, irin na baba da ake rinawa a Ƙofar Mata, yana kwantar da launuka masu zafi.

Anti Balki Tela: Rinin baba a bargon amarya? Sabon rini yana zuba. Wanki ɗaya zai shafe mata ruwan ɗorawar.

Zee Malali: Ruwan madarar fa, Anti? Ƙurar hunturu ta Kaduna sati biyu za ta mayar da shi ruwan ƙasa.

Maman Sadik: Ku bar maganar zuba. Da ƙaramar Sallah na sayi turmi wurin wani mutum, ya rantse mini ba ta zuba, na jiƙa ta da farar rigar makarantar Sadik a kusa, rigar ta koma ruwan hoda. Na mayar masa, ya ce sabulu na sa mai ƙarfi. Atamfar da can masaƙun garin nan suke yi ba haka take ba. Ki jiƙa da gishiri dai.

Anti Balki Tela: Gishiri ba ya riƙe rinin da zai zuba. A jiƙa farin ƙyalle, a ɗora a kan yadin, a danna da dutsen guga mai zafi. In ya ɗauki launi, a ajiye shi gefe. Zannuwan marigayiya sun sha wanki, sun gama zubarsu, sabon yadin ne abin tsoro, kuma a wanke shi kafin a yanka don yana tsukewa. Ki ɗaga kowane zani ki duba a rana, inda haske ya ratsa ya mutu, kada ki yanka daga nan.

Hajiya Kaka: Ni dai jikata, hannuna ba zai iya sa almakashi a zanen uwata ba. Ki ba ta na goyon yadda yake, ta goyi nata ɗan da shi in Allah Ya kawo. Sauran ki yi wa marigayiya sadaka. Kuma kin san 'yan ganin ɗaki, wata sai ta ce an kawo amarya da tsummokara.

Maman Walida: Ke kin ma samu an bar miki. Ranar da aka raba na tamu uwar ina asibiti, ko ɗankwali ban gani ba, shekara huɗu ke nan ba wanda ya ce mini ga naki.

Maman Ilham: Allah Ya ba ki haƙuri Maman Walida. Hajiya, mun yi mata sadaka da kaya masu kyau tun ranar bakwai, waɗannan sun tsufa, ba zan ba wani abin da ya koɗe ba. Kuma ba tsumma ba ne, da Mama za ta gani za ta ji daɗi, ita ma ba ta zubar da ƙyalle. Zee, na ɗauki hoton, gaskiya ja da koren sun zama abu ɗaya. To in na sa jan a can gefe, koren a tsakiya fa? Duka taran nake so su shiga.

Anti Balki Tela: Na faɗa miki uku. In kin yanka ba a mayarwa.

Maman Ilham: Na sani Anti, shi ya sa har yanzu ban yanka ba. Ɗakin ma ban san fentin da angon zai yi ba.

Ummu Hanif: Anti Balki, nawa kike haɗa na katifa 4 da 6?