Masu koyar da fiyano a jami'a, yaushe kuke samun lokacin kaɗa naku?

Ɗan Tudun Wada:
Salama gare ku 'yan'uwa. Ina shekarar ƙarshe ta digiri na biyu a kiɗan fiyano a nan Amurka. Malamata ta ce in nemi gurbin DMA, wato digirin dakta na makaɗa, wanda yawancinsa wasa ne a gaban jama'a sai ɗan rubutu. Ba ta ɓoye mini komai ba: ta ce in ba ka da shi, da wuya jami'a a ƙasar nan ta buɗe takardunka ma. Ni kuwa tun ina ɗan shekara 9 da na fara taɓa wata tsohuwar fiyano a cocinmu a Jos, mai maɓallai uku da ba sa magana, burina in hau dandali ne, ba in tsaya a bayan wani ina ƙirga masa ɗaya-biyu-uku ba. To amma mai gidan haya bai san buri ba. Waɗanda suka shiga aikin nan, ko suke zaune da mai yin sa, ku faɗa mini gaskiya: koyarwa tana kashe hannu?

Malam Uku-Uku:
Ƙanena, ni na yi DMA ɗin, ga shi can a bango. Shekara 7 ke nan ina koyarwa a makarantu uku, ko ɗaya ba ta ɗauke ni na dindindin ba. Kwantiragin zango-zango ne. Idan ɗalibai ba su cika ba a soke ajin, ba wanda zai ba ka haƙuri.

Litinin da Laraba ina wata kwaleji inda nake da ɗalibai 11, kowa da sa'arsa ɗaya a mako, ni da shi a ɗaki. Wannan shi ne aikin da kake hangowa, kuma shi ne mai daɗin. Talata da Alhamis ina wata makarantar ina ajin taro: mutum 12 a gaban fiyanon lantarki, kowa da abin ji a kunne, mawaƙa da masu busa da 'yan goge waɗanda aka tilasta wa cin jarrabawar fiyano kafin su gama. Rabinsu ba sa son ganina. Juma'a ina raka mawaƙa a gwajinsu, a miƙo mini takardar kiɗa yau a ce gobe ne. Ƙarshen zango kuma mu jeru mu huɗu a bayan tebur tun safe har magariba, ɗalibi ya shigo ya kaɗa minti goma sha biyar hannunsa na rawa, mu rubuta, wani ya shigo.

Nawa atisayen fa? Ƙarfe biyar na asuba, a falo, da fiyanon lantarki da abin ji a kunne don kada 'yata ta farka. Abin da matata take ji daga ɗaki ƙwas-ƙwas ɗin maɓallai kawai. Da ina ɗalibi sa'a shida nake yi a rana. Yanzu in na sami ɗaya da rabi na gode Allah. Hannun bai mutu ba, amma sabon karatu ya tsaya. Sonatar Beethoven ta ƙarshe, wato dogon kiɗan fiyano mai lamba 32 da wannan Bajamushen mawallafin kiɗa ya rubuta, shekara huɗu ke nan tana buɗe a shafi na uku tana kallona.

Sau ɗaya na kai zagayen ƙarshe na kujerar dindindin. Mu uku aka gayyata, kowa da ranarsa. Ka kaɗa musu kusan minti 40, ka koyar da ɗalibin da ba ka taɓa gani ba kwamiti na zaune yana rubutu, sannan a kai ka cin abinci, wanda shi ma jarrabawa ce. Abin da na gane daga baya, ba wasana suka fi dubawa ba. So suke su ga ko zan iya jawo ɗalibai su zo makarantar, ko kuma za a iya zama da ni a taron kwamiti shekara ashirin.

Maman 'Yan Biyu:
Malam Uku-Uku, kamar a gidana kake. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Jamus, maigidana ne makaɗin. A nan manyan makarantun kiɗa na gwamnati 24 ne, tsohuwar cikinsu ta Laifzig wadda mawallafin kiɗa Mendelssohn ya kafa a 1843. Farfesa a cikinsu ya huta, albashinsa na tafiya ko yana Tokiyo yana wasa. Amma kaso mai yawa na darussan ba farfesoshi ke ba da su ba, irin su maigidana ne, da ake biya sa'a-sa'a. Lokacin hutu babu ko sisi. In ya kwanta ciwo, babu. Duk Talata yana shiga jirgin ƙasa na shida da 'yan mintuna, sa'a biyu zuwa sa'a biyu dawowa, da burodinsa a jaka.

Da na yi masa ƙorafi wata rana sai ya ba ni labarin Clara Schumann, shahararriyar makaɗiyar fiyano. A 1878 makarantar kiɗa ta Frankfurt ta nemi ta zo ta koyar, sai ta gindaya sharuɗɗa: ba za ta wuce sa'a ɗaya da rabi a rana ba, a gidanta za ta koyar, a ba ta hutun wata huɗu, a kuma bar ta ta fita yawon wasa. Aka amince, ta yi har 1892. Na ce masa to kai ma ka gindaya mana. Ya ce ai sai ka zama Clara Schumann tukuna.

Abin da zan ƙara wa ƙanenmu shi ne ka tambayi wadda za ka aura ko za ta iya jin layi huɗu ana maimaita su sau sittin. Ni na saba. Maƙwabciyarmu ta ƙasa ba ta saba ba, da sandar tsintsiya take bugun silin da zarar takwas ta yi.

Bazazzagiya:
Ni ta ɓangaren ɗaliba zan yi magana. Na yi shekara huɗu a Ingila a hannun wani dattijo wanda har lokacin yana yawon wasa. Shekarar farko haushi kamar ya kashe ni. Ka shirya, ka yi hadda, ka zo ka tarar da takarda a ƙofa: malam ya yi tafiya, mataimakinsa zai gan ka. In ya dawo sai ya rama maka darasi uku cikin mako guda, ba ka ma narkar da na jiya ba. Na taɓa zuwa ofis in nemi a sauya mini malami, matar da ke wurin ta ce in jira zango ɗaya.

A zangon nan ne na kai masa wata sonatar Schubert. Na kaɗa layi biyu ya ce dakata. Minti hamsin muka yi a kan layi biyun nan. Bai yi dogon bayani ba. Ya ture ni gefen kujera ya zauna, ya sa yatsunsa a kan maɓallan kamar mai shafa kan jariri, ya kaɗa hannun hagu kaɗai, a hankali har sai da na daina numfashi don in ji. Sannan ya kama gwiwar hannuna ya ɗaga ya saki, ya sake ɗagawa ya saki, har ta faɗi da nauyinta. Ya ce daren jiya a zauren da ya yi wasa, mutumin da ke kujerar ƙarshe ya ji wannan sautin, kuma ba da ƙarfi aka aika masa ba. Mataimakin ya san duk wannan a baki. Amma wanda ya gwada shi jiya a gaban mutum dubu, faɗarsa daban ce.

Wani abin da ya ba ni mamaki, su ma suna da silsilar malamai kamar yadda na taso ina ji a zauren kakana. Beethoven ya koyar da Czerny, Czerny ya koyar da Liszt da Leschetizky, Leschetizky ya koyar da Schnabel, Schnabel ya karɓi Leon Fleisher yana ɗan shekara 9. Za ka ji ɗalibi yana jero maka ita da alfahari, ko da hannunsa bai kai ba. Da na ba mahaifina wannan labarin ne ya fara sassautowa. Har yau dai in abokansa suka tambaye shi me nake yi, cewa yake tana koyarwa a jami'a. Kalmar makaɗiya ba ta taɓa fita daga bakinsa ba, kun dai san yadda ake kallon kiɗa da roƙo a wajenmu. Don haka kada ka raina inuwar da sunan malamin jami'a yake yi maka a gida.

Tsohon Lakcara:
Ku kuna kukan rashin lokaci, mu muna kukan rashin fiyanon kanta. Shekara 19 ina koyarwa a sashen kiɗa na wata jami'a a nan gida, ba zan kama suna ba. An ɗauke ni a matsayin mai fiyano. Cikin wata guda aka ɗora mini ƙa'idojin kiɗa, tarihin kiɗan Turai, ƙungiyar mawaƙa, da duba ayyukan 'yan ajin ƙarshe. Babbar fiyano ɗaya ce a zauren taro, a kulle, mabuɗin yana hannun wani wanda kullum ya ɗan fita. Sauran na lantarki ne, in an ɗauke wuta darasi ya ƙare.

Ga hunturu. Fiyano katako ce da tsirkiyoyi sama da ɗari biyu da ke ja da nauyin kusan tan ashirin. Iskar Disamba in ta busa katakon ya bushe ya tsuke, sauti ya zube, damina ta zo ya kumbura maɓallai su maƙale. Mai saita ta daga Legas ake kiran sa, kuma kafin takardar kuɗinsa ta fito an shiga wata shekarar. Ni da kaina na sayi makullin saitawa na koya, ina ajiye bokitin ruwa a ƙarƙashinta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ƙarin girma. Na shirya wasa wata takwas, na kaɗa sa'a ɗaya da rabi da ka, kwamiti ya ce ina maƙala? Wanda ya rubuta shafi goma a kan kiɗan da bai iya kaɗawa ba ya wuce ni. Amma ban yi da-na-sani ba, saboda a nan na gamu da abin da ban samu a waje ba. Tun 1961 ake koyar da kiɗa a jami'ar Nsukka, kuma mutanenmu sun rubuta wa fiyano abin kansu. Marigayi Akin Euba, wanda ya ƙare koyarwarsa a jami'ar Pittsburgh ya rasu a 2020, shi ya yi ta kiran a sa fiyano ta yi magana irin ta gangunanmu, Joshua Uzoigwe kuma ya bi sahu. Yaron da ya taso yana jin kalangu, in ka ɗora masa irin wannan, abin da Bature zai yi wata yana ƙirgawa shi a kafaɗarsa yake. Ɗana na Tudun Wada, in za ka yi DMA ɗin ka sa waɗannan a wasanninka. Masu kaɗa kiɗan Chopin, mawallafin kiɗan fiyano ɗan Poland, sun yi yawa a layin neman aiki.

Malam Uku-Uku:
Baba ya faɗi gaskiya a kan layin. Gasar fiyano ta Chopin a Warso, wadda aka fara a 1927, duk shekara biyar ake yi, ta Van Cliburn a Texas duk shekara huɗu, kowacce mutum ɗaya take ɗagawa. Sauran da suka kai kusa, mu ne muke haɗuwa da su a neman kujera ɗaya.

Mai Hannun Hagu:
Ni ban yarda koyarwa ce take kashe hannu ba. Nawa hannun atisaye ne ya kusa kashe shi. Ina shirin gasa ina yin sa'a takwas, yatsana na huɗu na dama ya fara lanƙwashewa da kansa, ba ciwo ba komai, kawai ya daina jin magana. Likita ya ce irin abin da ya sami Fleisher ne. Shi a 1964 abin ya kama shi yana ɗan shekara 36, yana tsakiyar tashensa. Ana cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, shi kam ya ɗauka: ya koma kiɗan hagu zalla, irin wanda mawallafin kiɗa Ravel ya rubuta wa makaɗi Paul Wittgenstein da ya rasa hannun dama a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya riƙe ajinsa a makarantar Peabody ta Baltimore tun 1959 har ya rasu a 2020. Sai bayan shekara talatin ya dawo wasa da hannu biyu.

Ni ban kai ƙurarsa ba, amma da na kasa nuna wa ɗalibi da hannu, dole na koyi faɗa da baki, dole na gano me nake yi a da ba tare da na sani ba. Da hannun ya fara dawowa, wasana ya fi na da tsabta. Kuma akwai waɗanda suka riƙe biyun ba su saki ko ɗaya ba. Menahem Pressler ya shiga jami'ar Indiana a 1955, a shekarar aka kafa ƙungiyarsu ta mutum uku, Beaux Arts, ya zaga duniya da ita har 2008, yana kuma koyarwa har ya rasu a 2023 yana da shekara 99.

Maman 'Yan Biyu:
Shi wannan a tambayi wa yake kai masa yara makaranta.

Ɗan Tudun Wada:
Na gode ƙwarai, iyaye da yayye. Anti Bazazzagiya, maganar mahaifinki ta taɓa ni, don mamata ma har yanzu tambaya take yaushe zan fara aiki. Jiya malamata ta yi tafiya ta bar mini ɗalibanta biyu 'yan shekarar farko. Ɗayan ya zo da kiɗan Bach, kafaɗunsa a maƙale har kunne. Na kama gwiwar hannunsa na ɗaga na saki, ya kalle ni kamar na zauce, a karo na biyar ta faɗi. Sai da mai shara ya ƙwanƙwasa muka ga mun ci rabin sa'a daga lokacin atisayena. Baba Tsohon Lakcara, in kana da takardun Uzoigwe a hannu, ta yaya zan same su? Ranar 1 ga Disamba ake rufe karɓar faifan gwaji.

Tsohon Lakcara:
Suna nan a akwati, gara ta ci gefen shafi biyu amma ana karantawa. Bari a kawo wuta in sa yarona ya ɗauka da waya.