Allon kwamfuta ya yi baƙi bayan sabunta manhaja

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum. Jiya ina cikin sabunta Windows a kwamfutar shagona aka ɗauke wuta, kuma tun da wutar ta dawo allon baƙi ƙirin yake, alhali ina jin fankar ciki tana juyawa. Wane mataki ya kamata in fara ɗauka?

Malamin Gwale: Wa'alaikumussalam. Malam, ka fara da abu mai sauƙi: ka zare wayar HDMI ko VGA, wato wayar da ke haɗa allon da kwamfutar, ka goge bakinta saboda ƙurar hunturun nan, ka mayar da ita da kyau. Idan allon bai farfaɗo ba, ka danna maɓallan Windows da Ctrl da Shift da B a lokaci guda, domin hakan yana sake tayar da manhajar da ke sarrafa hoto.

Hajiya Tarauni: A ganina katsewar wutar ce ta bar sabuntawar a rabi. Ka kashe kwamfutar da maɓallin wuta sau uku tana cikin tashi, za ta buɗe shafin gyara, inda za ka cire sabuntawar ƙarshe.

Ɗan Fagge: Na gode, Hajiya, shawararki ta yi aiki. Gobe zan leƙa titin Beirut in nemi UPS, na'urar da ke riƙe wa kwamfuta wuta na ɗan lokaci idan an ɗauke wuta.