Abin da matan Gadarif suka ce kan masu binciken lafiya

'Yan uwa, ga abin da na tsinto daga muhawarar da matan Gadarif, a ƙasar Sudan, suka yi kan ko za a ba masu binciken lafiya haɗin kai.

1. Kusan kowa ta yarda a ba masu binciken ƙarancin jini da zazzaɓin cizon sauro ga masu ciki haɗin kai. Sharaɗi: a bayyana mana takardar amincewa da Hausa, ba Larabci kawai ba, kafin mu dangwala yatsa. A kuma dawo da sakamako. Wata ta ce sau biyu ana ɗibar jininta, har yau shiru.

2. Mace ce za ta yi tambayoyin.

3. Kan amsa tambayoyi game da kaciyar mata aka rabu, tunda doka ta haramta ta a 2020. Wasu na tsoron amsarsu ta kai ga hukuma, wasu suka ce ai ba a rubuta suna. Ni dai sai na ga takardar da idona.