Fatan da ya rage a randar Pandora: alheri ne ko ragowar masifa?

Ɗan Auta: Jama'a, jiya na gama wasan bidiyon God of War III, kuma ina nan kan bakata: wasan ya fi tatsuniyar asali ta Girkawa, wadda a cikinta Pandora ta buɗe akwati masifu suka bazu a duniya fata kaɗai ya rage a ciki, yi wa Pandora adalci. A wasan, yarinyar da Hephaestus, allan ƙira na Girkawa, ya ƙera, ta jefa kanta cikin Wutar Olympus da ke tsare akwatin don Kratos, jarumin wasan, ya kai gare shi. Ya buɗe, wayam! Ashe tun buɗewar farko, lokacin da ya kashe Ares, allan yaƙi, a wasan farko na 2005, fatan ya shige jikinsa. Da shi ya ga bayan Zeus, sarkin allolin Girkawa.

Malam: Auta, fara gyara abu ɗaya. Hesiod, mawaƙin Girka wanda ya rera labarin wajen shekara 700 kafin haihuwar Annabi Isa, bai ce akwati ba. Randa ce, irin ƙatuwar nan da Girkawa ke zuba hatsi ko mai. Erasmus, wani masanin Turai, ne a ƙarni na 16 ya mayar da ita akwati. Kuma Zeus ba don ƙauna ya aiko Pandora ba, ramuwa ce kan wutar da Prometheus ya sato wa mutane. An gargaɗi Epimetheus, ɗan'uwan Prometheus, kada ya karɓi kyauta daga Zeus, ya karɓi Pandora. To me alheri zai je yi cikin randar da aka cika da cuta da wahala? Kalmar Girkancin ma da ake fassarawa da fata, elpis, ta fi kusa da tsammani, kuma tsammanin warabbuka ai shi ya hana malam noma.

Anti: Malam, da girmanka, a nan ban bi ka ba. In fatan masifa ce, don me aka rufe ta a ciki, sauran suka bazu? Randa wurin ajiya ce. Abin da ake so a ci gobe shi ake rufewa.

Malam: In kuwa an rufe, Hajiya, mutane ba su same shi ba ke nan.

Ɗan Auta: Shi ya sa ƙarshen wasan na 2010 ya taɓa ni. Athena, allahiyar hikima, ta ce a ba ta ikon fatan, Kratos ya soke kansa da takobi, fatan ya watsu ga kowa.

Anti: Ni abin da ke ci mini rai daban ne. A wajen Hesiod an cuɗa ƙasa da ruwa an yi Pandora, Hermes, ɗan aiken alloli, ya cusa mata ƙarya da yaudara, sannan aka ɗora mata laifin duniya. A wasan kuma an wanke ta, amma sai da ta mutu don wani ya ɗauki fansarsa. Auta, wannan kake kira adalci?

Ɗan Auta: Amma ita ta zaɓa, Anti. Kratos har riƙe hannunta ya yi.

Anti: Ya kuma saki.