Gasar kitso a Abuja: wadda ta taɓa shiga ta ba ni shawara

Maman Sadik: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata 9 ina kitso, 4 daga ciki a shagona a nan Kano. An turo min sanarwar wata gasar gyaran gashi da za a yi a Abuja nan da wata biyu, kuma akwai ɓangaren kitson gargajiya. Raina yana so ƙwarai, amma ban taɓa kitso ana duba min agogo ba. Wadda ta taɓa shiga don Allah ta taimaka min, ta ina zan fara?

Anty Ladi Kaduna: Wa alaikumus salam ƙanwata. Sau biyu na shiga. Ki fara da neman kan da za ki kitsa, tun kafin ki yi tunanin irin kitson. Karon farko na tafi da 'yar yayata saboda tana da tsawon gashi, ashe tana da zafin kai. Tsinke na taɓa ta sai ta zabura, tsagata duk ta karkace, lokaci ya ƙare saura layi uku ban kama ba. Na yi kuka a ranar, kuma laifina ne, don ban taɓa gwada kanta ba sai a ɗakin gasar. Ki nemi mai cikar gashi, mai haƙurin zama, wadda gaban kanta bai cinye ba. Cika ta fi tsawo amfani a nan. Ki kitsa mata irin kitson nan aƙalla sau huɗu, kina tsefewa kina barin kan ya huta kwanaki a tsakani, wayarki a gefe tana ƙirga miki lokaci. In sun ba da awa biyu, ki saba gamawa da saura minti 20, domin hannu yana rawa a gaban mutane.

Maman Sadik: Allah ya saka Anty. Su alƙalan me suka fi dubawa?

Anty Ladi Kaduna: A waɗanda na je, tsaga ce farko. Har ƙeya suke zagayawa su leƙa, da bayan kunne, wuraren da muke sakaci a shago. Sai daidaiton kauri daga tushe zuwa jela, da yadda kika rufe ƙarshen. Kuma kada ki ja gashi don ya yi kyau. In fatar kai ta ɗaga ko ƙuraje suka fito a goshi, za su gani, kuma irin jan nan ne ke cinye wa mata gaban kai. Ki rage mai ma, kan da ke naso ba ya kyau a hoto.

Hajiya Babba: Maman Sadik, kafin ki biya kuɗin rajista ki tambaye su abu biyu a rubuce. Na ɗaya, dole ne a sa gashin doki? Wasu daga cikin irin waɗannan gasa kamfanonin da ke sayar da shi ne ke ɗaukar nauyinsu, sukan ce sai da kayansu. Mu kuma mun san hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim a kan mai ƙarin gashi da wadda ake ƙara wa. Na biyu, ɗakin mata ne zalla ko da maza? Yarinyar da za ki tafi da ita kanta a buɗe zai kasance, ga masu hoto, gobe a gan ta a Instagram. Ita da iyayenta ko mijinta su san wannan tun daga gida. Ni saboda haka na janye daga wata, bayan na riga na biya, kuma kuɗin ba su dawo ba.

Ummi Lalle: Gaskiya ne Hajiya. Wasu suna yarda a yi a kan 'yar tsanar koyon kitso, mai gashin mutum. Ki tambaya ko da wannan zaɓin.

Rabi Damagaram: Yaya Maman Sadik, ni roƙona kada ki je da kitson da kowa zai je da shi. Shuku da Ghana weaving matan Legas sun fi mu yawan yin su. Ki je da namu. Doka, ko zanen yawo mai ƙananan layuka, ko kitson Fulani mai saukowa gefen kunne da adon azurfa da duwatsu. Kakata ta koya min doka tana cusa tsumma a ciki don ta tashi, har yau in na yi wa amarya sai an tsaya kallo. Ki samu tsohuwa a unguwarku ta nuna miki yadda ake yi na asali, kayan adon kuma ki duba Kasuwar Kurmi. Ki kuma nemi hotunan wani mai ɗaukar hoto, J.D. 'Okhai Ojeikere, wanda tun 1968 ya bi ƙasarku yana ɗaukar kitson mata, kusan hoto 1,000. Za ki ga yadda kitso ke fitowa ta baya da ta gefe, yadda alƙali zai gan shi.

Zee Gwarimpa: Ku yi hattara da gasar intanet wadda ake cewa a sayi ƙuri'a. Na taɓa shiga, dangina da kwastomomina suka yi ta tura kuɗi, daga ƙarshe shafin ya ɓace. Ki nemi sunayen alƙalai, da adireshin ɗakin taron, da wadda ta ci bara ki yi magana da ita da kanki.

Ummi Lalle: Ni kuma ina tambaya, ƙanwata ta ji labarin WorldSkills, gasar sana'o'i ta duniya, irin wannan ce?

Zee Gwarimpa: A'a, ta bambanta. Duk shekara biyu ake yin ta, ta 2024 a Lyon ta Faransa aka yi. Ɓangaren gashi na matasa ne da ba su wuce 22 ba, kuma ƙasa ce ke tura wakili. Akwai aski da rini da gyaran gemu a ciki.

Maman Sadik: Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Yanzu na tura musu tambayoyin Hajiya. In sun ce ba dole gashin doki, kuma mata ne a ɗakin, doka zan yi insha Allahu. Akwai wata baba a layinmu da ta iya, gobe zan je gaishe ta. Anty Ladi, me zan zuba a jaka?

Anty Ladi Kaduna: Tsinke biyu, kada ɗaya ya karye. Matsefi mai faɗin haƙori, abin kama gashi, tawul, kwalbar fesa ruwa, da man da hannunki ya saba da shi, kada ki sayi sabo ranar. A wanke kan a tsefe shi tun daren, ya bushe sosai. Ki tambaye su tsayin kujera, don in a tabarma kika saba, kitso a tsaye wani abu ne daban, ki fara gwadawa tun yanzu. Ku isa Abuja da kwana ɗaya, kuma yarinyar ta ci abinci kafin ta zauna.