Mikro-ond ɗin da ake ratayewa bisa murhun gaz: a kafa ko a sayar?

Uwargida Karkada: Assalamu alaikum jama'ar zaure, ina wuninku? Shawara nake nema. Ƙanena da ke Amurka ya sako mini mikro-ond, na'urar nan ta ɗumama abinci, cikin kaya, sai dai ba irin wanda muka saba gani a kan tebur ba. Wannan faɗinsa ya kai santimita 76, a ƙasansa akwai fitila da raga biyu na ƙarfe, wai rataye shi ake bisa murhun gaz ya riƙa zuƙe hayaƙi. Sai da samari biyu suka kama kafin ya shiga ɗaki. Wata uku ke nan yana cikin kwali, maigida ya ce kar wanda ya taɓa shi sai an tambayi masu sani.

Mai Gyara na Zango: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya saka wa maigida, ya cece ku daga asara. Buɗe ƙofar ki duba bakinta daga ciki, akwai ƴar takarda manne. Karanto mini lambobin da ke jiki.

Uwargida Karkada: An rubuta 120 V, 60 Hz, sai kuma 1600 W.

Mai Gyara na Zango: To, abin da na yi tsoro ke nan. Kuran ɗinmu 220 ne. Da kun soka shi a piriz kai tsaye, da ƙauri kawai za ku ji. Sai an sa masa taransifo mai sauko da wuta zuwa 110 ko 120, kuma ba ƙaramin nan na cajin aski ba. Nemi mai wat 3000, domin lokacin da na'urar ke tashi tana fizgar wuta fiye da abin da aka rubuta. Akwai kuma abin da masu sayar da taransifo ba sa faɗa: yana rage ƙarfin wutar, amma ba ya taɓa wancan Hz ɗin, wato saurin bugawar wutar. Namu 50 ne, nasu 60. Na'urar za ta yi aiki, sai dai babban taransifon da ke cikinta zai fi ɗaukar zafi, kuma a wasu samfuran agogon yakan riƙa makara. A watan Afrilu, da ɗakin girki ya wuce digiri 40 tun kafin a kunna murhu, wannan ƙarin zafin ba ƙaramin abu ba ne.

Hajiya Babba ta Birni: Ni dai ƴata, da za ki ji tawa, ki sayar ki sayi na tebur mai wutar ƙasar nan. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Amaryar Sabon Gari: Kai Mama, kyautar ɗan'uwa fa ce! Ni irinsa nake da shi, shekara ta huɗu ke nan, da taransifonsa a ɓoye cikin kabad, kuma ban taɓa nadama ba. Ɗakin girkina ƙarami ne, da a kan tebur yake da ban ga wurin yanka albasa ba. Fitilar ƙasan ma kaɗai ta biya, da dare kina ganin cikin tukunya sarai.

Hajiya Babba ta Birni: Ke ina kike tuƙa tuwo?

Amaryar Sabon Gari: A tsakar gida Mama, bisa gawayi.

Hajiya Babba ta Birni: Yawwa, kin faɗi da bakinki. Na je gidan ƙanwar surukata na gani da idona. Tsakanin murhu da gindin abin bai fi kamu biyu ba. Ta ɗora tukunyar tuwon mutum goma, ta sa muciya, duk juyi ɗaya sai kan muciyar ya doki ƙarfen, ƙwal, ƙwal. Ƙarshe a karkace ta tuƙa, tuwon ya yi gudaji. Waɗanda suka ƙera shi ba su san muciya ba. Sannan mace gajeriya irina ta miƙa hannu sama da kanta ta sauko da kwanon miya mai tafasa, in ya tuntsure a fuska zai sauka.

Kawu Magini: Maganar Hajiya Babba abin dubawa ce. Masu abin sun ce a bar aƙalla santimita 76 daga saman murhu zuwa gindin kabad ɗin da zai riƙe shi, na'urar kuma ta cinye wajen 40 a ciki. A ƙasarsu haka ya ishe su. Ke kina iya ɗaga shi sama kaɗan don tukunya ta samu sarari, amma duk yadda ya yi sama, haka zuƙar hayaƙin ke raguwa, hannu kuma ke wahalar kaiwa. Ni abin da ya fi damuna bango ne. Nauyinsa yakan kai kilo 25 zuwa 30. Akwai faranti na ƙarfe da ake ɗaurewa a bango ya tallafi baya, gaban kuma kusoshi ne dogaye ke saukowa daga kabad na sama su riƙe shi. In kabad ɗin na garin katako ne da ake matsewa, damina biyu zai saki. Sai katako na gaske ko a sa mai walda ya yi firam. In kuwa ginin laka ne da yaɓen siminti, ban ba da shawara ba sam. Gidanki bulo ne?

Uwargida Karkada: Bulo ne Kawu, sabon gini. Tuwo kuwa mu ma a waje muke yi, gaz ɗin na miya ne da shayi da suya.

Kawu Magini: To da sauƙi. Ki sa a huda bango a fitar da bututun iska waje tun yanzu. Fankar da ke ciki ana juya ta, ta hura sama, ko baya, ko ta dawo da iskar cikin ɗaki. A bakin bututun a sa murfi da raga, in ba haka ba ƙadangare zai mai da shi gida, hunturu kuma ya cika shi da ƙura.

Amaryar Sabon Gari: Wannan kam ki ji ta Kawu. Ni nawa cikin ɗaki yake dawo da iska, ta cikin wani filtir na gawayi da ya kamata a canja duk wata shida zuwa shekara. Na zagaye kasuwar Dole ban samu girmansa ba, sai da aka yi mini cigiya a Kano. Ranar da na soya kifi kuwa har labulen falo sai ya faɗa wa baƙi abin da muka ci. Kuma ki sani, murhun baya ya fi kamawa, hayaƙin na gaba rabi wucewa yake.

Malama ta Garin Malam: Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Nawa na tebur ne, amma ciwon ɗaya ne ina ji. Tun makon jiya fitila tana kamawa, faranti yana juyawa, yana gurnaninsa, amma in fito da shinkafa da sanyinta. Ya mutu ke nan?

Mai Gyara na Zango: Kar ki yi masa sallar gawa tukuna, Malama. Cika kofin shayi na tangaran da ruwa, ki tsoma ɗan tsinken itace a ciki, ki ba shi minti biyu a kan cikakken ƙarfi. Ki gwada da hantsi, ki sake gwadawa bayan magariba. In da safe ruwan ya yi zafi, da dare ya ƙi, to wutar unguwarku ce ke faɗuwa lokacin da kowa ya kunna kaya. Fitila da fanka suna haƙuri da raunin wuta, amma magnetron, wato abin da ke haifar da zafin, ba ya haƙuri. Regilatar ce maganin wannan. In kuwa safe da dare duk sanyi ne, to ɗaya daga cikin huɗu: makunnan ƙofa, diyod, kondansatar, ko magnetron ɗin kansa. Makunnan nan ƙanana ne, yawanci uku, suna bayan inda haƙoran ƙofa ke shiga, kuma buga ƙofa da ƙarfi ke kashe su. Su da diyod gyaransu ba tsada. Magnetron ne ke sa mutum ya zauna ya yi lissafi.

Ɗan Lakwal: Malama na ga yadda ake yi a bidiyo, kusoshi ne kawai a baya, in kina so in zo da sukundireba.

Mai Gyara na Zango: Kai yaro, ka rufa wa uwarka asiri. Kondansatar ɗin nan yana riƙe wutar da ta kai bolt 2000, kuma yana iya riƙe ta ko an zare waya daga bango. Rediyo ka buɗe, fanka ka buɗe, wannan ka bar wa wanda ya san yadda ake sauke wutar kafin ya sa hannu.

Ɗan Lakwal: Na tuba Baba.

Malama ta Garin Malam: Mikro-ond ɗin nawa shekararsa takwas fa. Ya cancanci gyara?

Mai Gyara na Zango: Ya shiga shekarun da ake tsammani, bakwai zuwa goma. In makunni ne ko diyod, gyara. In magnetron ne kuma kuɗin ya kusa rabin sabo, sayi sabo. Amma bari in faɗi abin da na gani a teburina. Ana cewa magnetron yana yin awa 2000. Mai ɗumama abinci minti goma sha biyar kullum, a shekara bai cika awa ɗari ba, ku yi lissafin da kanku. Ba tsufa ke kashe yawancin waɗanda ake kawo mini ba. Dawowar wuta da ƙarfi bayan ɗaukewa, maiƙo da ƙura da suka toshe hanyar iska, kunna shi babu komai a ciki, sai kyankyasai. Na buɗe wani watan jiya, allon lambobin ya haukace yana ƙara shi kaɗai cikin dare, mai gidan har ta fara tofa addu'a. Ƙwan kyankyasai ne jere bisa allon kamar an shuka wake. Na ratayewa kuwa ya fi shan wuya, tunda kullum yana bisa tururi da mai.

Amaryar Sabon Gari: Shi ya sa duk ƙarshen wata nake zare ragar ƙasan in jiƙa a ruwan zafi da omo. Wani abu kuma Yaya, in kina suya kika ji fanka ta tashi da kanta ta ƙi kashewa, ba lalacewa ba ce. Zafi ta ji tana kare kanta, in ta huce za ta tsaya. Ni ranar farko har na kira mai gyara, ya karɓi kuɗin kabu-kabu yana dariya.

Hajiya Babba ta Birni: Tunda kun rinjaye ni, to a gaya mata maganar kwano. Jikata ta sa samira a ciki, muka ga walƙiya kamar hadarin Agusta.

Malama ta Garin Malam: Samira ƙarfe ce fenti kawai aka yi mata. Ita da kwanon silba da takardar alminiyom da faranti mai zanen zinariya a baki, duk a'a. Tangaran ko gilas. Robar kasuwa da kular abinci ma ban yarda da su ba, miya mai mai tana narka su. Kar a sa ƙwai da ɓawonsa, fashewa yake. Madarar jariri kuma wani gefen yakan yi zafi wani da sanyi, gara ruwan ɗumi. Amma ɗumame, wallahi nan ya fi kowa. Yanka tuwon jiya fale-fale, yayyafa ruwa, zuba miyar kuka a kai, rufe da faranti, minti biyu, juya, ƙara ɗaya. Yara sun karya sun tafi lakwal ba a hura wuta ba. Dambu ma haka, in kin ɗan yayyafa ruwa kin rufe. Burodi ne kawai ban yarda ba, yana hucewa ya koma fata.

Mai Gyara na Zango: In kuma ba ƙarfe a ciki amma yana tartsatsi, ku duba wani ɗan allo mai kama da kwali a jikin bango ko rufin cikin. Mika ake ce masa. Miya ce ke fantsama ta ƙone a kai. A kashe nan take, a canja shi, ana yanka sabo daidai girmansa. In aka ci gaba a haka magnetron zai bi.

Uwargida Karkada: Allah ya saka da alheri, na ƙaru. Saura guda: muna da pano da batir, in an ɗauke wuta zai ɗauka?

Mai Gyara na Zango: In na fitilu da fanka da talabijin ne, a'a. Ƙaramin gurup ma durƙushewa zai yi. Ko a kuran, in kwantarku na kilowat 3 ne, kar a haɗa shi da dutsen guga da na'urar sanyaya ɗaki lokaci guda, disjonktar zai faɗi. A ja masa layinsa shi kaɗai da waya mai kauri, da ta ƙasa, kuma in wuta ta tafi a kashe taransifon sai ta dawo ta zauna.

Uwargida Karkada: Na karanta wa maigida duka. Ya ce a kafa, amma kuɗin taransifo ƙanin nawa zai aiko tunda shi ya jawo. Kawu, yaushe za ka zo ka auna bangon?

Kawu Magini: Asabar bayan la'asar in Allah ya kai mu. Ki fito da takardar awon da ke cikin kwalin, babba ce mai ɗigo-ɗigo, ita ke nuna inda za a huda. Kar yara su yi wasa da ita.

Uwargida Karkada: Innalillahi, ina jin ita na shimfiɗa na shanya kuɓewa. Bari in duba.